Dokin Napoleon da Kirarin Samarin Harlem

A gidan adana zane-zane na Brooklyn, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, akwai wani babban zane mai santimetir 274 a tsawo, 274 a faɗi. Wani farin doki ne ya miƙe bisa ƙafafunsa na baya a kan dutse, mahayinsa ya riƙe linzami da hannu ɗaya, ya nuna sama da ɗayan. Duk wanda ya karanta tarihin Faransa a lakwal zai gane dokin nan take, domin shi ne wanda ke cikin littattafai ɗauke da Napoleon yana haye duwatsun Alp. Sai dai mahayin nan ba Napoleon ba ne. Wani baƙar fata ne sanye da kakin soja mai dabbare-dabbare da takalman Timberland, ya ɗaure kansa da ƙyalle irin na mawaƙan rap. Mai zanen, Kehinde Wiley, ya yi wannan aiki a shekarar 2005.

Masu suka suna cewa kwaikwayo ne kurum: an ɗauko zanen Bature, an cire mai shi, an ɗora baƙin mutum, an sayar da tsada. Masu yabo kuwa suna cewa ramuwar gayya ce a kan tarihin da ya daɗe yana kau da ido daga baƙar fata. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Amma ba a yanke hukunci sai an san rijiyar da mai zanen ya sha ruwa, watau al'adar da ake kira hip-hop. A ganinmu, abin da hip-hop ya ba Wiley ya wuce ƙyalle da takalmi. Hanyar aiki ya ba shi sukutum: yadda ake aro, yadda ake kirari, da yadda ake mai da tufafi shaidar daraja. Wannan hanya kuwa tana da kaifi muddin talaka ne bisa dokin. Ranar da aka ɗora mai mulki, sai ta koma roƙo irin wanda aka saba ji a ƙofar fada.

Asalin hip-hop

Mutane da yawa a nan sun ɗauka hip-hop shi ne waƙar nan ta sauri da samarin Yamai da Maraɗi da Damagaram ke yi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Wannan ita ce rap, kuma reshe ɗaya ce daga cikin huɗu. Tushen itacen yana unguwar Bronx ta Niyok. A cikin shekarun 1970 wani sashe na unguwar ya zama kufai: masana'antu sun rufe, masu hali sun ƙaura, gidajen haya suna ƙonewa, wasu ma masu su ne ke sa a cinna wutar don su karɓi kuɗin inshora. A 1975 birnin kansa ya kusa kasa biyan bashinsa. Waɗanda suka rage a wurin, akasarinsu baƙaƙen fata ne da mutanen tsibiran Karebiyan masu ƙaramin ƙarfi.

Ran 11 ga watan Agusta na 1973, a gida mai lamba 1520 na titin Sedgwick, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira Kool Herc ya juya faifai a wani biki da ƙanwarsa ta shirya. Daga wannan rana ake ƙirga shekarun hip-hop. A irin waɗannan bukukuwa ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a wurin da mawaƙi ya yi shiru, ganguna kaɗai ke tashi. Wannan wuri kuwa gajere ne, sakan kaɗan ya wuce. Sai ya yi dabara: ya ɗora faifai biyu iri ɗaya bisa inji biyu, in na farko ya kai ƙarshen wurin ganga sai ya saki na biyu, ya mai da na farko baya. Ta haka ɗan guntun kiɗa ya miƙe har masu rawa su gaji.

Rassa huɗu suka fito daga nan. Akwai mai juya faifai. Akwai mai magana bisa kiɗa, watau mai rap. Akwai rawar ƙasa da ake juyi bisa ka da hannu, wadda ta kai har wasannin Olimpik na Paris a 2024. Sannan akwai rubutu da zane da fentin fesawa a bango da jikin jiragen ƙasa na birni. Ke nan zane yana cikin hip-hop tun daga yarinta. Jean-Michel Basquiat, wanda ya fara da rubutun bango kafin ya shahara, a 1983 ya fitar da faifan rap, ya zana marufinsa da hannunsa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: yaran da ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa sun ɗauki tsofaffin faifan iyayensu, suka yanko wurin da ya yi musu, suka gina sabon abu a kai. Ba su ɓoye inda suka yanko ba. Rabin daɗin ma shi ne mai sauraro ya gane tsohon kiɗan, ya ji yadda aka juya shi.

Yaron da ya ga hotuna biyu

An haifi Kehinde Wiley a birnin Los Angeles a 1977, shekara huɗu bayan bikin Bronx. Mahaifiyarsa baƙar fatar Amurka ce, mahaifinsa ɗan Najeriya. Tagwaye ne, kuma Kehinde shi ne sunan da Yarabawa ke ba wanda ya fito na biyu, kamar yadda mu muke cewa Husaini. Ya tashi a kudancin birnin, unguwar talakawa, daidai lokacin da rap ɗin wannan yanki ke ba duniya labarin ƴan daba da dukan ƴan sanda. Yana ɗan shekara 11 mahaifiyarsa ta sa shi koyon zane. A gidan zane na Huntington da ke kusa da birnin ya riƙa ganin hotunan manyan Ingila na ƙarni na 18, maza da mata cikin siliki da leshi, tsaye a gaban gonakinsu. Ya ƙaunaci gwanintar masu zanen, amma bai ga mai kama da shi ko ɗaya a bangon ba.

Ya yi karatun zane a San Francisco, ya gama a 1999, sannan ya sami babban digiri a jami'ar Yale a 2001. Watau shi ba ɗan fentin fesawa ba ne. Da fentin mai da buroshi yake aiki, bisa ƙa'idar tsofaffin gwanayen Turai. A 2001 ɗin nan ya sami wurin aiki a Studio Museum na Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta Niyok. Can ya tsinci wata takarda a yamutse a kan titi, ta ƴan sanda, ɗauke da hoton wani saurayi baƙar fata da aka taɓa kamawa.

Hotuna biyu ke nan suka haɗu a gabansa. A hoton ƴan sanda mutum ba ya da zaɓi: ana ce masa ya dubi gaba, ya juya gefe, a manna masa lamba. A hoton basarake kuwa kome zaɓaɓɓe ne, daga riga har inda za a ajiye hannu. Saurayin Harlem an san shi da na farko, an hana shi na biyu. Tambayar da Wiley ya sa gaba ita ce yadda za a fitar da shi daga wancan a shigar da shi wannan. Hip-hop ya riga ya amsa wannan tambaya da kiɗa. Shi kuma ya ɗauki amsar ya kai ta ga fenti.

Aro

Mu koma ga dokin. Jacques-Louis David, babban mai zanen Faransa, shi ya yi na asali a 1801, daga baya aka yi wasu huɗu irinsa. A watan Mayu na 1800 Napoleon ya haye mashigin Saint-Bernard da rundunarsa don ya faɗa wa sojojin Ostiriya a Italiya. Amma bisa alfadari ya haye, wani ɗan ƙauye yana ja masa. Farin doki mai tsalle da alkyabba mai kaɗawa duk ƙari ne na mai zane. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Na mai buroshi ma haka. David bai tsaya nan ba, sai da ya rubuta a kan duwatsun ƙasa sunan Bonaparte kusa da na Hannibal da na Charlemagne, jarumai biyu da suka haye Alp tun da daɗewa. Hannibal kuwa mutumin Afirka ne, daga Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau. Ashe shi ma David aro ya yi, ya jingina gwaninsa ga sunan magabata.

Wiley ya yi wa wannan zane abin da Kool Herc ya yi wa faifai. Ya yanko wurin da ya fi tashi, watau dokin da tsayuwar mahayi da duwatsun da ke ƙasa, ya zubar da sauran. Sararin sama da sojojin da ke jan igwa a baya sun ɓace, wani jan bango mai adon zinariya ya maye gurbinsu. A kan dutsen ya bar sunayen nan uku, ya ƙara na huɗu, Williams, suna ne da baƙaƙen fatar Amurka da yawa ke ɗauke da shi. Bai ɓoye inda ya yanko ba, domin in mai kallo bai gane David ba, rabin maganar ta zube.

Maganar kuwa tana da nauyi. Napoleon ɗin nan da David ya ɗaukaka shi ne ya sa hannu a dokar 20 ga watan Mayu na 1802 wadda ta tabbatar da bauta a wasu yankunan mallakar Faransa, bayan juyin juya hali ya soke ta a 1794. Saboda haka ɗora baƙin mutum bisa sirdinsa ba wasan yara ba ne. A 2019 aka rataye zanen Wiley kusa da na David a fadar Malmaison, gidan da Napoleon ya zauna da matarsa Joséphine, jama'a suka ga su biyun da idonsu.

Wani zai ce kayan aro ba ya rufe katara. To, mu dubi atamfar da matanmu ke ɗaurawa. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, ya kwaikwayi rinin mutanen tsibirin Java ne, kasuwar can ba ta karɓa sosai ba, ta Afirka ta Yamma ta rungume ta. Yau ba mai cewa atamfa baƙuwa ce, domin matan da suka zaɓi launi, suka raɗa wa kowane zane suna, su suka mai da ita tasu. Aron da aka saka yadda aka karɓo shi, shi ne ba ya rufe katara. Wanda aka farke aka sake ɗinkawa daidai jiki ya zama na mai shi. Wiley ma ya san haka, shi ya sa da ya zo Legas da Dakar don jerin zane-zanen da ya nuna a 2008, adon atamfa ya sa a bayan samarin da ya zana.

Akwai bambanci ɗaya tsakaninsa da mawaƙa. A 1991 wata kotu a Niyok ta yanke wa mawaƙin rap Biz Markie hukunci saboda ya yanko kiɗan wani ba da izini ba, kuma tun daga nan sai an biya kafin a yanka. David kuwa ya mutu tun 1825, ba magajin da zai kai ƙara. Rumbun da Wiley ke ɗiba a buɗe yake ga kowa.

Kirari

Hali na biyu na hip-hop shi ne yabon kai. Mai rap yana faɗin sunansa, da unguwarsu, da cewa ba kamarsa. Sunayen da suka zaɓa ma sun isa shaida: Grandmaster Flash ya kira kansa babban gwani, Queen Latifah ta naɗa kanta sarauniya. Mu da muka ce yabon kai jahilci, mun san kuma akwai filin da aka halatta shi. Ɗan kokowa a gasar takobi yakan tsaya gaban jama'a ya yi wa kansa kirari, ba mai ganin laifinsa, domin yanzun nan zai shiga ya tabbatar ko ya sha ƙasa. Yaron Bronx ba shi da maroƙi, ba jaridar da ke ambatonsa sai in an kama shi. Don haka ya zama maroƙin kansa.

Wiley ya mai da wannan ɗabi'a hanyar aiki. Yakan tsaya a titi na 125 na Harlem ya tare samarin da tafiyarsu ta burge shi, ya gayyace su ɗakin aikinsa, ya buɗe musu littattafan tarihin zane, kowa ya zaɓi tsayuwar da yake so: ta sarki, ta janar, ta attajiri. Sai a ɗauki hotonsa cikin tufafinsa, daga baya a zana shi da girman da ya fi na mutum, a sa cikin firam mai ruwan zinariya. Wannan zaɓin shi ne kirarin. Mutumin da aka saba ba umurni a gaban injin hoto, yau shi ke faɗin yadda za a gan shi.

A 2005 gidan talabijin na VH1 ya ba shi aikin zana manyan mawaƙan rap da za a karrama. Abin da suka zaɓa ya nuna zuciyar al'adar. Ice-T ya zauna bisa gadon sarautar Napoleon, kamar yadda Ingres ya zana shi a 1806. LL Cool J kuwa ya zaɓi zaman John D. Rockefeller, attajirin man fetur, kamar yadda John Singer Sargent ya zana shi a 1917. Ɗaya ya so sarauta, ɗaya ya so dukiya. A 2008 gidan hotunan manyan ƙasa na Washinton ya rataye wasu daga cikin waɗannan ayyuka a wani nuni na musamman a kan hip-hop.

Tufafi

Hali na uku shi ne ado. A titin nan na 125 wani tela mai laƙabin Dapper Dan ya buɗe shago a 1982. Yana buga tambarin Gucci da Louis Vuitton da Fendi a kan fata, ya ɗinka wa mawaƙan rap riguna irin waɗanda kamfanonin ba su taɓa tunanin yi ba. Ƙarar da aka kai shi ta sa ya rufe a 1992. Bayan shekara 25, Gucci ya fitar da wata riga mai kama da ɗinkinsa, jama'a suka yi ca, a ƙarshe kamfanin ya haɗa gwiwa da shi suka buɗe sabon shago a Harlem a 2018. Wanda aka kira ɓarawo jiya, shi aka zo kwaikwaya.

Wiley bai tuɓe wa samarinsa kayansu ya sa musu alkyabbar sarakuna kaɗai ba. Ya bar su da faffaɗan wando, da rigar ƴan ƙwallon kwando, da sarƙa, da riga mai hula, ya zana kowace lanƙwasa da kulawar da tsofaffin gwanaye ke ba karan-miski. Wannan zaɓi yana da dalili mai ɗaci. A Amurka tufafin nan sukan jawo wa mai su zargi. A watan Fabrairu na 2012 aka harbe Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17, a jihar Florida, yana komawa gida daga kanti sanye da riga mai hula, ba makami a hannunsa. A 2019 Wiley ya ƙera gunkin tagulla mai tsawon metir 8, saurayi mai irin wannan riga bisa doki, aka kafa shi a Richmond, birnin da ya kasance hedikwatar jihohin da suka yi yaƙi don riƙe bayi daga 1861 zuwa 1865. Tsayuwar dokin daga gunkin Janar Stuart, ɗaya daga cikin kwamandojinsu, ya yanko ta. A 2020 aka sauke gunkin Stuart, na Wiley ya rage.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, gadon hip-hop bai zo wa Wiley da alheri kaɗai ba. Ya zo da lahaninsa.

Na farko shi ne suna. Kirari a wajenmu da suna yake farawa, da na uba, da na gari. A yawancin ayyukan Wiley na farko kuwa, sunan zanen na Baturen da aka kwaikwaya ne. Zanen dokin nan har yau da sunan Napoleon ake kiransa. Saurayin ya ba da fuskarsa, ya koma titi, aikin ya shiga ɗakin attajiri ko gidan adana zane. Kirarin da ba a ambaci mai shi ba, rabin kirari ne. Daga baya mai zanen ya riƙa sa sunayen mutanen a wasu ayyuka, kuma haka ya fi dacewa.

Na biyu shi ne mata. Kamar yadda rap ya daɗe yana filin maza, haka zanen Wiley ya shekara goma kusan duk maza ne. Sai a 2012 ya yi jerin mata, kuma su ba a bar su da tufafinsu ba, gidan ɗinki na Givenchy na Paris ya ɗinka musu dogayen riguna.

Na uku shi ne kasuwa. Hip-hop ya tashi daga bikin unguwa ya zama sana'ar miliyoyi, kuma da yawa daga mawaƙansa sun koma tallar takalmi da giya. Wiley ma ya bi wannan hanya. A 2010 ya zana wa kamfanin Puma ƴan ƙwallon Afirka uku, Samuel Eto'o na Kamaru da John Mensah na Ghana da Emmanuel Eboué na Kodebuwa. Ya buɗe ɗakin aiki a Beijin ta ƙasar Sin, inda mataimaka ke cika masa adon baya. Wannan ba sabon abu ba ne, Rubens ma da almajirai ya yi aiki shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Amma dabarar da ake maimaitawa sau ɗari takan dushe, ta zama tambarin kanti.

Na huɗu, wanda ya fi su duka, shi ne mulki. A watan Fabrairu na 2018 aka buɗe hoton Barack Obama da Wiley ya zana wa gidan hotunan Washinton. Abin lura, a nan bai kawo doki ba. Ya zaunar da tsohon shugaban bisa kujerar katako, ba lakataye a wuyansa, ganye ya kewaye shi, da furanni masu tuna Kenya da Hawai da Chicago. Ya gane cewa wanda ya riga ya riƙe mulki ba ya bukatar aron sirdi.

Amma a watan Satumba na 2023 gidan Quai Branly na Paris ya nuna hotunan shugabannin Afirka 11, na lokacin da na da, waɗanda Wiley ya zana. Cikinsu akwai Olusegun Obasanjo da Macky Sall da Paul Kagame. Akwai Denis Sassou-Nguesso, wanda ya hau mulki a 1979, ya sauka a 1992, ya dawo a 1997. Akwai Faure Gnassingbé, wanda ya gaji mahaifinsa a 2005. Akwai Alpha Condé, wanda ya sake tsarin mulki a 2020 don ya tsaya karo na uku, aka kifar da shi a 2021. Mai zanen ya nuna cewa nufinsa shi ne ya bincika yadda mulki ke nuna kansa, ba wai ya goyi bayan kowa ba. Muna iya yarda da niyyarsa. Amma zane ba ya tafiya da takardar bayani a goshinsa. Abin da ido ke gani shi ne babban mutum cikin haske da ado da firam na zinariya. Ƙarfin zanen 2005 daga saɓani ya fito: wanda ba a tsammani, a wurin da aka hana shi. Shugaban ƙasa kuwa hotonsa na rataye a kowane ofis. In aka ƙara masa wani, ba abin da aka juya, David aka maimaita.

A nan ne Wiley ya rabu da mafi kyawun abin da hip-hop ke da shi, domin al'adar tana da murya ta biyu banda kirari. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da waƙar da ake kira The Message, wadda ta bayyana ƙuncin unguwar talakawa ba kwaskwarima. Wannan muryar ce ta fi kama ƙasa a Afirka. A Dakar, birnin da Wiley ya buɗe masaukin masu zane na Black Rock a 2019, mawaƙan rap da ƴan jarida ne suka kafa ƙungiyar Y'en a marre a 2011, watau mun gaji, suka tsaya wa Abdoulaye Wade da ya nemi wa'adi na uku. A Burkina Faso mawaƙin rap Smockey yana cikin waɗanda suka kafa Balai Citoyen a 2013, shekara ɗaya kafin Blaise Compaoré ya sauka.

Ba mu ce Wiley bai san wannan murya ba. A 2008 ya yi jerin manyan zane-zane na samari kwance a ƙasa, kamar matattu ko masu rauni, kuma a 2022 ya faɗaɗa shi a birnin Venis na Italiya, bayan kisan George Floyd na 2020 ya girgiza duniya. A waɗannan ayyuka ba mai tsalle bisa doki. Saurayi ne da takalminsa da wandonsa, a kwance, an zana shi da girma da tausayin da Turawa suka tanada wa jarumansu da suka faɗi. Mu a ganinmu nan ne gwanintarsa ta kai ƙololuwa, domin kirari da makoki sun haɗu a wuri ɗaya.

Abin ɗauka

Ƴan uwa masu karatu, samarinmu masu zane da masu rap suna kallon waɗannan ayyuka a cikin wayoyinsu, kuma za su ɗauki wani abu, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya fi sauƙin ɗauka shi ne hula da sarƙa da furannin baya. Abin da ya fi amfani kuwa shi ne ƙa'idoji ukun da ke ƙarƙashi. Ka yi aro a fili, ka sake ɗinki har abin ya zama naka. Ka bar wanda kake zanawa ya zaɓi yadda za a gan shi, ka kuma rubuta sunansa. Sannan kafin ka tsoma buroshi, ka tambayi kanka wa ke bukatar wannan daraja: wanda aka riga aka cika da yabo, ko mai tallar ruwa da ƴar sayar da fura da ɗan kabu-kabu, waɗanda ba wanda ya taɓa cewa su tsaya a zana su.

Maroƙa ba su taɓa ƙaranci a ƙofar mai mulki ba, ko a Paris ta zamanin David ko a ko'ina. Abin da yaran Bronx suka ƙaro wa duniya a 1973 shi ne kirarin wanda ba shi da maroƙi. Kehinde Wiley ya kai wannan kirari bangon da aka hana shi shiga, kuma saboda haka ya cancanci yabo. Za a ci gaba da auna ayyukansa da wannan ma'aunin da shi kansa ya kafa a titin Harlem: a duba wanda aka ɗora bisa dokin.